Barmo da Ƙasa Mai Tsami

A wani ƙauye da ke bakin fadama, wanda ake kira Rafin Ɗinya, an yi wani mutum mai suna Barmo. Ƙato ne, ƙarfi gare shi kamar ingarma, ga sanyin hali, tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Abu guda ne ya dame shi, ko in ce ya dami masu zama da shi: yadda magana ta fito daga baki haka take shiga kunnensa, ba ya juya ta, ba ya leƙa abin da ke bayanta. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, to ka yi maza ka riƙe shi kafin ya ƙona fuska. Mutanen gari ba sa ce masa wawa a gaban mahaifiyarsa, amma da ta ba da baya sai su fanshe.

Su uku ne a gidan da can. Akwai Inna Tabawa, wadda yanar ido ta soma rufe mata gani, akwai Barmo, sai yayansa Nomau, ɗan fari. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu lambu a bakin rafi, lambun da a zamaninsa sai an tokare tumatir da sanduna don nauyin 'ya'ya. Aka yi shekaru ana zuba masa takin zamani, buhu a kan buhu, har ya juya baya. Ganye ya koma ruwan ɗorawa, tumatir ya tsumbure, albasa ta ƙi wuce girman kanya. Nomau ya yi ta fama rani bayan rani, har ya ga fama ba ta kai shi ko'ina, sai ya ɗaure 'yan tufafinsa ya hau motar kayan gwari zuwa Badun, can kudu, ya ce ba zai dawo hannu rabbana ba.

Tafiyar nan ba wanda ta yi wa giɓi kamar Barmo. Duk garin, Nomau kaɗai ya iya yi masa magana. In zai aike shi, sai ya zaunar da shi ya tsince masa zancen kamar mai tsintar shinkafa, kuma ko ya yi shirme ba ya yi masa dariya. Da la'asar ta yi, sai Barmo ya je bakin titi ya tsaya yana leƙen kan kowace babbar mota har magariba. Ita kuwa Inna, kunyar ɗan fari ta hana ta ko ambaton sunansa. Sai dai in ta tuƙa tuwo takan kwashe malmala uku, sa'an nan ta tuna, ta mayar da ɗaya cikin tukunya.

Wata rana, bayan damina ta ɗauke, Baffa Jibo, ƙanen mahaifinsu, ya zo gidan ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Tabawa, gaskiya ɗaya ce, ƙasar lambun nan ta gaji. Masu buga bulo sun yi min magana. In ranin nan ya fita ba ta yi wani abin kirki ba, zan ba su su haƙa." Barmo yana gefe yana ji. Bai riƙe komai ba sai kalma ɗaya: ta gaji. Da gari ya waye ya kwashe tabarmin gidan kaf, har da wadda Inna ke salla a kai, ya je lambu ya lulluɓe fangalai, ya kafa zana ta yi musu inuwa, ya tsaya a bakin shinge da yatsa a leɓe. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa, "A hankali, tana barci." Maƙwabcinsu a fadama, wani mai suna Mati, ya tayar da injin ban ruwansa ya tafi kai saƙo. Barmo ya ji ƙara ta yi yawa, ya tsallaka ya kashe injin. Mati bai dawo ba sai azahar, ya tarar da dashen albasarsa ya kwanta a rana. Ya bi Barmo da fartanya har ƙofar gida, Barmo na gudu yana waiwaye yana cewa, "Don Allah ka rage murya, za ka tashe ta!"

Da yamma Inna ta zauna a ƙasa, tun da ba tabarma, ta ce, "Barmo, gajiyar ƙasa ba irin ta mutum ba ce."

"To irin ta wa ce, Inna?"

"Da yayanka yana nan, da ya gaya maka."

Barmo ya ce, "In lambu ya warke, Yaya zai dawo?"

Inna ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta ce, "Allah ne masani. Abin da na sani, mutum ba ya dawowa don ya tarar da rami a inda ubansa ya yi noma."

Wata rana malamin gona ya zo fadama a kan babur. Sunansa Malam Hashimu, mutum ne siriri mai yawan fara'a. Mati, da yake zuciyarsa ta huce, shi ya jawo shi zuwa lambun su Barmo. Malam Hashimu ya tsuguna, ya murtsuke ƙasa a hannu, ya dubi 'yan ciyayin da suka fito, ya tambayi irin takin da aka daɗe ana zubawa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ina zaton ƙasar nan ta yi tsami." Kafin ya rufe baki Barmo ya dumbuzi ƙasa ya cika baki da ita. Ya tauna, ya lumshe ido, ya haɗiye. Ya matsa gaba ya ɗanɗani ta wani fangalin. Ya ce, "Malam, ba tsami. Lami ce. Sai dai tsakuwa." Masu lambu da suka taru suka yi ta dariya har wani ya faɗa cikin kwata. Malam Hashimu ya miƙa masa ruwa ya kurkure baki, ya ce, "Malam Barmo, tsamin ƙasa harshe ba ya jin sa, saiwa ce ke ji. In ya yi yawa, ko ka zuba taki shuka ba za ta iya ci ba, kamar mai ciwon haƙori ne a gaban nama. Amma zato ba ya isa, sai an auna ta." Ya hau babur ya wuce wani ƙauyen. Barmo ya tsaya yana jin daɗi, don tun tafiyar Nomau ba wanda ya taɓa sa masa Malam a gaban suna.

Wata rana, ran kasuwa, Barmo ya cika buhu da ƙasa ya saɓa a kafaɗa. Malam ya ce sai an auna, shi kuwa bai san mai awo ba sai Ɗan'azumi ma'aunin hatsi. Ya tarar da shi ya tsiba gero fari tas a kan shimfiɗa, yana ciniki da wata mata. Barmo ya yi sallama, ya ɗauki mudu, ya riƙe shi a saman tsibin kamar yadda ya ga ana yi, ya kwance bakin buhu ya tuttula. Mudu ya cika ya tumbatsa, sauran ta bi gero. Ɗan'azumi ya juyo ya ga geronsa ya koma kalar tururuwa, ya ɗora hannu a ka.

"Barmo! Me na yi maka?"

"Auna min za ka yi. Tsamin nake son in san mudu nawa ne."

Kwana biyu Inna tana sheƙa tana rairaya da idonta marar gani sosai, matan maƙwabta suna taya ta, kafin geron Ɗan'azumi ya koma gero. Ba ta yi wa Barmo faɗa ba. Da suka gama ne kawai ta ce da matar Mati, "Ba mugunta ba ce. Ɗan'uwansa yake nema."

Wata rana labarin kasuwa ya kai kunnen Malam Hashimu. Ya yi dariya har da hawaye, daga baya kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya aiko yaro da saƙo: a gaya wa Barmo ya ɗebo ƙasar lambun, ta gabas da ta yamma, ta kudu da ta arewa, da ta tsakiya, ya kawo masa ofis. Barmo ya aro amalanken shanu. Tun sanyin safiya yake haƙa yana lodi, ya yi sawu, ya koma ya sake yi. Malam Hashimu yana ciki yana rubutu, ya ji duhu yana rufe ɗakin, ya tashi ya tura ƙofa ta ƙi buɗewa. Ta taga ya fito, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da tulin ƙasa ya kai ƙirjin mutum, Barmo na tsaye a kai yana share gumi.

"Malam, ta arewa ce ba ta ƙare ba, bari in koma."

"Tsaya! Don girman Allah tsaya."

Ya koma ta taga ya ɗauko cokali. Ya ɗebi kaɗan nan, kaɗan can, ya haɗa a kofi, ya ce, "Wannan ta isa."

Barmo ya dubi cokalin, ya dubi tulin. "Sauran fa?"

"Inda ka ɗebo ta za ka mayar."

A nan gindin tulin suka zauna aka yi awon. Malam Hashimu ya zuba ruwan sama da ya adana a kwalba, ya dama ƙasar, ya bari ta kwanta. Ya zaro wata 'yar siririyar takarda, bai fi tsinken tsire ba, ya tsoma a ruwan da ya taso sama. Ya ce, "To, yanzu takardar nan za ta gaya mana gaskiya." Barmo ya karɓe ta da hannu biyu, ya manna a kunne, ya ɗauke numfashi. Malam ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga Barmo ya kawo takardar kusa da bakinsa, ya yi ƙasa da murya yana cewa, "Tun da gaskiya kike faɗa, gaya min, yaushe Yaya Nomau zai dawo?" Ya sake mayar da ita kunne yana jira.

Malam Hashimu ya fasa dariyar. Ya bar shi ya saurara iya son ransa, sa'an nan ya ce a hankali, "Ba ta da baki, Malam Barmo. Da launi take magana, kuma maganar ƙasa kaɗai ta sani. Duba." Takardar ta rine ta yi ja-ja. Ya ajiye ta kusa da wani kati mai layin launuka. "Ka ga nan wajen ja? Tsami ne mai yawa. Ka ga nan, inda ɗorawa ta soma komawa kore? Nan tumatir da albasa ke so. Ƙasarku ba ta mutu ba, tana da magani. Ran Laraba zan zo da kaina in nuna maka. Kafin nan, kada ka taɓa ta."

Wata rana, kafin Larabar ta zo, Inna tana miyar yakuwa. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce, "Barmo, miƙo min kanwa, ita ke kashe tsami." Barmo ya miƙa mata, ya tsaya kamar an dasa shi. Ashe maganin yana cikin ɗakinsu tun tuni! Ya jira ta shiga wanka, ya juye kanwar gidan a ƙwarya, ya bi maƙwabta ya karɓo tasu, ya daka. Ya tuna Malam ya ce kada ya taɓa ƙasa, don haka bai shiga lambun ba, daga bayan shinge ya tsaya yana watsawa. Kanwa kuwa in ta sha raɓa, dabba daga nesa take jin ta. Washegari da hantsi awakin gari suka fara zuwa, tumaki suka biyo, can sai ga shanun wasu Fulani sun baro makiyayinsu a guje. Suka tattake shingen, suka cika lambun suna lasa. Wata saniya ta ratsa ta cikin latas ɗin Mati, ta fita da rabin fangali a baki. Makiyayi na ihu, Mati na ihu, Barmo na bayan shinge yana cewa, "Ku shaida ban taɓa ta ba!"

Da Malam Hashimu ya zo ya ji, ya zauna a kan kututture ya riƙe kai. Ya ce, "Kanwa ta miya ce. Gishirin da ke cikinta in ya zauna a ƙasa, sai ya fi tsamin ɓarna. Ka gode wa Allah dabbobin nan sun lashe ta, har sun bar maka kashi kyauta." Ya sa shi ya kankare ɗan abin da ya rage. Mati kuwa, Barmo ya yi masa mako guda yana jan ruwa don ya biya latas, kuma Mati da bakinsa ya ce bai taɓa samun ban ruwa irin wannan ba.

Wata rana Malam Hashimu ya ce, "Maganin ƙasarku toka ce, tokar itace. Duk murhun da ka samu, ka kwaso tokarsa." Barmo ya aro jaki, ya ɗora masa mangala ya shiga gari. Murhun farko da ya gani na Ladidi mai ƙosai ne, a bakin masallaci, mai yana tafasa. Ya ce, "Sannu da aiki, Iya," ya sauke mata kasko ya ajiye gefe, ya sa shebur ya kwashe toka da garwashi duka ya juye a mangala. Ladidi ta miƙe da matsami a hannu, amma ba ta kai ga dukansa ba, don mangala ta soma hayaƙi. Jaki ya waiwaya ya ga bayansa yana turnuƙewa, ya ware da gudu yana kuka, ya ratsa ta tsakiyar masu alwala, ya watsa butoci, bai tsaya ba sai da ya faɗa rafi. Barmo ya bi shi ciki ya rungume wuyansa yana ba shi haƙuri. Allah ya taimaka gashi kawai ya babbake.

Ladidi ta zo gida kai ƙara, ta tarar da Inna tana kwasar tuwo. A gaban idonta Inna ta kwashe malmala ta uku, ta tsaya, ta mayar. Ladidi ta haɗiye abin da ta zo da shi, ta gaishe ta ta fita. Washegari sai ga 'yarta da ƙwarya cike da toka mai sanyi, an tankaɗe ta tas. Daga nan abin ya zama kamar gayya. Kowace safiya matan gari in sun share murhu, sai a aiko da tokar ƙofar gidan Inna Tabawa.

Shi ma Malam Hashimu ya koyi darasi. Ya daina aike, ya daina gajarta zance. Ya tuɓe takalmi ya shiga fangali, ya ɗebi toka a tafin hannu ya barbaɗa a gaban Barmo. Ya ce, "Iya wannan, ba ƙari. In ta yi yawa ita ma ciwo ce. Ka barbaɗa, ka juya da fartanya, ka ba da ruwa. Yi in gani." Barmo ya yi, kuma da yake shi ba ya ƙari ba ya ragi a abin da aka nuna masa, kowane fangali ya samu daidai da ɗan'uwansa. Aka bar ƙasa ta yi 'yan makonni tana sha. Da aka sake dama ta a kofi aka tsoma takarda, jan ya tafi, ta tsaya a ɗorawa mai shirin komawa kore. Aka kawo iri aka yi dashe. Tumatir ya kama, ya yi duhu, ya buɗe rassa, ya yi fure. Inna ta sa aka riƙo hannunta har lambu. Ba ta iya ganin komai sai kore a dunƙule, amma ta murza ganye a yatsa ta shinshina, ta juya baya ta daɗe tana gyara ɗankwali.

Baffa Jibo ma ya zo ya zagaya, hannu a baya. Ya ce, "Ba shakka ƙasa ta farfaɗo. Amma wa zai riƙe ta? Malamin gona ba zai tare a nan ba. Wa zai san lokacin tsinka, wa zai yi ciniki da 'yan sari? Barmo? In Nomau bai dawo ba, maganata tana nan."

Wata rana Nomau ya kira a wayar Mati, kamar yadda yakan yi jefi-jefi. Mati ya kawo wa Barmo a guje. Barmo ya riƙe wayar da hannu biyu yana ɗaga murya kamar Badun ɗin zai jiyar kai tsaye.

"Yaya! Lambu ya warke! Tumatir ya yi 'ya'ya! Ka dawo!"

Muryar Nomau ta fito a gajiye, ga hayaniyar kasuwa a bayanta. "Barmo, wa ya sa ka faɗi haka? Inna ce ko Mati?"

"Ba kowa. Takarda ma ta yi kore."

"Wace takarda kuma? Ka ji, ni na san ƙasar nan, da hannuna na binne ƙarfina a cikinta. Ta mutu. Ku daina yi min daɗin baki." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "In gaskiya ne, kawo min lambun in gani."

Layi ya yanke.

Barmo ya je gida ya ɗauki babban daron Inna. Ya zaɓi tushen tumatirin da ya fi kowanne kyau, mai 'ya'ya kore bila adadin da guda ɗaya da ya soma nuna. Ya haƙa kewaye da shi da faɗi, don Malam ya ce saiwa ce ke ji, ya cicciɓo shi da ƙasarsa ya zaunar a daro. Ya shigo gida da shi a ka, ya ce, "Inna, Yaya ya ce in kai masa lambu ya gani. Duka ba zai ɗauku ba, na ɗebi kaɗan kamar yadda Malam ke yi." Inna ta buɗe baki za ta ce masa ba haka ake nufi ba. Sai ta rufe. Ta shiga ɗaki ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da dakuwa, ta cika masa jarka da ruwa, ta aika aka kira Gambo Direba, wanda ke lodin albasa zuwa Badun kuma ya san inda Nomau yake. Ta ce, "Ga amana. Ka kai shi hannun ɗan'uwansa."

Gambo ya ce ya shigo gaba, Barmo ya ƙi, wai tumatir ba ya son rufi. Ya hau can saman buhuna ya zauna, ya ɗora daro a cinya, ya zagaye shi da hannuwa. In iska ta yi ƙarfi sai ya juya mata baya, in rana ta take sai ya tuɓe riga ya yi masa rumfa. Duk garin da aka tsaya, mutane su taru suna nuna shi. Wani ya ce, "Ka kai tumatir Badun a daro? Ai can ma zubar da shi ake yi." Barmo ya ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne, na gani ne." Ruwan jarka kuwa, shi kurɓa ɗaya, tumatir kurɓa uku, har ya ƙare. Ƙasa ta sauya launi a gefen hanya, itatuwa suka yi tsawo, harshen mutane ya sauya, shi dai bai saki daro ba ko da gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Suka shiga kasuwar kayan gwari da hantsi. Ga taɓo, ga warin ruɓaɓɓen tumatir, ga 'yan dako suna kai da kawowa da manyan kwanduna. Gambo ya nuna wani ramamme mai gammo a ka, wanda ke jiran a ɗora masa kaya. Barmo ya daɗe yana kallo kafin ya gane, don Nomau ɗin da ya sani mai kumatu ne. Aka taimaka aka sauko da shi daga mota da daronsa a rungume. Ya ratsa mutane ya tsaya a gaban yayansa, ya dire daron a ƙasa, leɓɓansa duk sun tsage.

"Yaya, ga shi."

Nomau ya dube shi, ya dubi daron. 'Yan dako suka kewaye su, dariya ta fara tashi. Wani ya ce, "Nomau, wannan ne ƙanen naka da kake ba mu labari?" Nomau bai ji shi ba. Ya cire gammo, ya tsuguna. Ya taɓa ganyen, ya juya bayansa, ya ɗaga reshe ya ga 'ya'ya sun yi gungu. Sa'an nan ya nutsa yatsunsa cikin ƙasar, ya ɗebo, ya murtsuke, ya kai hanci. Ƙasar Rafin Ɗinya ce, baƙa mai laushi, da ɗan ƙanshin toka da na rafi. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye, kafaɗunsa suna motsi. Dariyar ta mutu da kanta. Wani dattijo cikin 'yan dakon, mutumin wajen Gobir, ya matso ya ce, "Ɗan'uwa, bari ni ma in shinshina." Ya shinshina ya koma gefe.

Can Nomau ya ɗago, idonsa ja. "Inna fa?"

"Tana nan. Ba ta faɗin sunanka. Amma kullum da kai take tuƙa tuwo."

Nomau ya share fuska da gammo. Ya yi kamar mai faɗa, ya ce, "Kai Barmo, yanzu haƙo shi ka yi ka bar rami a fangali?"

"Ka ce in kawo ka gani. To ka gani?"

"Na gani."

"To sai a mayar da shi, tun bai mutu ba." Barmo ya yi yunƙurin sake ɗaukar daron, hannuwansa suka ƙi. Tsawon hanyar nan da suka yi a lanƙwashe sun sandare, ko yatsa ba ya iya miƙewa. Ya dube su da mamaki, ya dubi yayansa. "Yaya, hannuna ya ƙi. Ni na kawo, amma ba zan iya mayarwa ba. Sai dai kai."

Nomau ya dubi kwandunan da ke jiransa, ya dubi mai kayan da ke ƙwala masa kira. Ya ce, "Ba ni da abin da zan shiga gida da shi, Barmo. Na ce ba zan koma hannu rabbana ba."

Barmo ya yi tunani sosai, don ba ya son ya sake yin kuskure. Ya ce, "Ai ba hannu rabbana ba ne. Ga daro."

Dattijon nan na Gobir ne ya fara kama gefe ɗaya, Gambo ya kama ɗayan. Nomau ya naɗa gammonsa ya ɗora a ka, ya durƙusa, suka aza masa.

Ranar da motar ta sauke su a bakin titin Rafin Ɗinya, Nomau bai bi ta gida ba, don Barmo ya hana. Ya ce tumatir tukuna. Suka gangara fadama, Nomau a gaba da daro a ka, yara na biye. Ya sauke a bakin ramin, ya zaunar da tushen a wurinsa, ya tattara ƙasa ya danna da tafin hannu, Barmo ya kawo ruwa. Yana durƙushe a nan ya ji an dafa kansa. Matar Mati ce ta riƙo Inna har wurin. Inna ta shafa kansa, ta shafa kumatun da suka zube, ta bi wuyansa inda dako ya yi kanta. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba, ba ta kira sunansa ba. Ta juya wajen da take jin numfashin ƙaramin, ta ce, "Barmo, gaya wa yayanka ya wanke hannu, abinci na hucewa."

Ƙurunƙus. In an ƙara gishiri a labarin nan, a tambayi Gambo Direba, don shi ya fara ba da shi a tasha.